Ikrima Ya Tsaya Haddar Python

"Shekara biyu fa ka ce?"

"Da wata huɗu," in ji Ikrima, yana gyara zama a kan tabarmar zauren gidansu Lubna. "Na cire watannin azumi. Ba a haɗa tafsiri da irin wannan karatu."

Lubna ta zuba wa littafin da ya shimfiɗa a gabanta ido. An kai gaisuwarsu tun bara, kuma tana sonsa, so irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Amma yau ji take kamar ta maka masa littafin a ka.

Wata uku ke nan da yayanta Sagir, mai aiki a Kano, ya ara wa Ikrima kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka don ya koya wa kansa haɗa manhaja da yaren kwamfuta na Python. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in ya dawo Daura ya tarar da abu guda yana aiki, komai ƙanƙantarsa. In babu, ya tafi da abarsa ya ba wani. Jiya Sagir ya dawo. Gobe da hantsi zai hau motar Kano.

"Duba ki gani," Ikrima ya ɗora yatsa kan layukan da ya ja da jan biro. "Bayan Asuba, haddar layi goma. Bayan Azahar, bita. Alhamis da Juma'a ba ƙari, sai tilawar baya. Littafin Python ɗin da aka bugo min a Katsina shafi ɗari huɗu ne. Ranar da na sauke shi, sai in buɗe kwamfutar."

"Sai a yanka rago, a raba katin walima ko?"

"Lubna, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, Alaramma. Ina kwamfutar take yanzu?"

"Tana akwati. Na naɗe ta da sabon mayafin Inna, ko ƙura ba ta taɓa ta."

Ta dafe kai. "Innalillahi! Amarya aka kai maka?"

Bai kula ta ba. Ya rufe ido, ya harɗe ƙafa, ya fara karanto mata darasi na bakwai da ka, har da waƙafi, har da inda ake buɗe baka a rufe. Muryar nan ce, wadda ta fara jiyowa daga Islamiyyar unguwarsu ta tsaya cak da tulu a ka. Bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"To, ma sha Allah. Me abin da ka karanta yake yi?"

"Yana tara lambobi."

"Ka taɓa ganin ya tara?"

Ya girgiza kai.

"Ranar da na fara ɗinki wajen Anti Talatu, ka san me ta miƙo min? Almakashi. Na ɗinke wa rigar ƙawata Hajo wuya ruf, babu ta inda kai zai shiga. Har yau in muka haɗu a biki sai ta tambaye ni ina ƙofar. Da na tsaya haddace keke, da yanzu ko maɓalli ban iya sawa ba!"

"Ɗinki daban, ilimi daban. Ba a tsallake littafi. Malam bai taɓa barin mu—"

"Wane malamin? Kai kaɗai ne a ɗaki!"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin littafin. Da ya sake magana, da ƙyar ta ji shi.

"Na buɗe ta sau ɗaya. A makon farko. Na rubuta layi uku, na danna, sai ta watso min jan rubutu wai na yi kuskure. Lubna, har Katsina na je musabaƙa, alƙalai ba su kaɗa min ƙararrawa ko sau ɗaya ba. Sai ga ƙarfe yana min gyara a layi uku. Na ji kamar a gaban jama'a ne."

Zuciyarta ta karye, amma haushin bai tafi ba. Wata uku! Saboda jan rubutu!

"Waye ya gani?"

"Babu."

"To wa kake jin kunya? Yaya Sagir ya ce shi kullum sai ta wurin aikinsa ta watso masa jan rubutu fiye da sau ashirin, kuma da ita yake ci. Ka zaɓa: ta yi maka gyara yau, ko ka raka ta tasha gobe ka dawo ka ci gaba da karanta wa bango."

Daga cikin gida suka jiyo Sagir yana tambayar inda aka ajiye masa jakar kwamfutar.

Ikrima ya miƙe, ya zura takalmi ɗaya, ya rasa ɗayan, ya same shi ƙarƙashin tabarma. A bakin ƙofa ya juyo, ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji.

"Yaya Sagir, a bar jakar nan tukuna! Zan je in ɗauko ta, a nan zauren zan buɗe ta. Ta yi ta watso jan rubutunta, ba na tashi sai ta tara lambobin nan a gabanka."