Neman Aibu

Kunne ake ce masa, don a unguwar babu mai sayen babur bai kai masa ya saurara ba. Shi ba bakanike ba ne. Ƙuruciyarsa ya ƙarar yana kai saƙonnin wani kamfani a kan babur, har ranar da aka kira shi ofis aka ce an gode. Amma inji ya yi tari sau ɗaya, zai gaya maka abin da ke cinsa, kuma bai taɓa yi wa inji ƙazafi ba, ko da na maƙiyinsa ne. Da wannan yake taƙama, tunda ba shi da wani abin taƙamar.

Aiki guda ya rage masa a duniya. Kullum da safe yakan goya 'yarsa a bayan tsohon babur ɗinsa, wanda yake kira Dattijo, ya kai ta kantin maganin da take aiki a ƙetaren gada, da yamma ya ɗauko ta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Saboda wannan tafiya yake aske gemu, saboda ita yake goge takalmi. Sauran yinin kuwa, shi da benci ne.

To, sai Dattijo ya fara halin tsufa. Yau fulogi, gobe kafireta, jibi ya mutu a tsakiyar gada ba dalili. Mai kantin ya ja wa yarinyar kunne har ya gaji, a ƙarshe ya ce in ta sake makara ta nemi wani wurin. Ranar da ta dawo da wannan magana, ta durƙusa gaban uban a tsakar gida ta ce ta ga wani ɗan ƙaramin babur mai sauƙin kuɗi, irin wanda ake ce wa roba-roba, kuma da guminta take so ta saya.

"Roba-roba!" Kunne ya ajiye kofin da ke hannunsa da ƙarfi. "Wannan bokitin mai taya? Uwata, a gidana?"

"Baba, aikina ne zai tafi."

"Ni na mutu ne? Ko na taɓa cewa na gaji?"

Matarsa tana shanya, ba ta ko juyo ba ta ce, "Kai ba ka gaji ba, Malam. Abokin naka ne ya gaji. Jiya wa ya hau wani, kai ko shi?"

Maganar ta soke shi, don jiya turo shi ya yi tun daga shataletale. Cikin zafin nan ya yanke hukuncin da ya zame masa igiya.

"Shi ke nan. Ni zan gwada shi da kaina. In na samu aibu ko ɗaya, magana ta mutu. In ban samu ba, ki saya."

"Na yarda, Baba," in ji ta. "Kunnenka ba ya ƙarya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari suka je shagon da ake sayar da babur ɗin. Dillalin mutum ne mai sheƙi, daga goshi har takalmi, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya san Kunne, don haka ya miƙa makulli ba gardama. Babur ɗin yana jingine a bakin ƙofa, ruwan toka, ƙananan tayoyi, ga faffadan wurin ajiye ƙafa kamar na keken ɗinki. Kunne ya zagaye shi yana harara, ya ƙwanƙwasa robar jikinsa, ya ɗaga kujera ya ga akwatin da hular kwano za ta shige har da sauran wuri. Ya ja tsaki. Ya danna maɓalli yana fatan ya yi gardama, sai injin ya tashi nan take, yana gurnani a hankali kamar magen da ta ƙoshi.

"Ki jira ni a nan," ya ce wa 'yar. "Ba na son surutu a bayana."

Ya shiga titi da niyyar mugunta. Tun daga farko abin ya fara ba shi haushi: ƙafarsa ta hagu tana ta laluben giya, ba giya, hannunsa yana neman kuloci yana kama birki. Murza ka tafi, shi ke nan. Abin da ya ɗauke shi shekaru yana koya, ga shi an mayar da shi wasan yara. Ya kutsa cikin cunkoson bakin kasuwa, inda Dattijo kan yi zafi ya fara haki. Ɗan banzan nan kuwa ya bi tsakanin wata bas da motar kaya kamar zare a kafar allura. Ya kai shi layin masu walda, inda kwalta ta ƙare sai ramuka, ya riƙa faɗa masa da gangan. Tayoyin ƙanana ne, kowane rami sai ya ji shi a ƙugu, amma ba abin da ya kwance, ba abin da ya yi kuka. Ya taka wuta ya damƙe birki gaban wani kantin katifa. Ya tsaya cak, bai ja gindi ba.

"Za ka gane kurenka," in ji Kunne. "Gada na nan."

A gindin hawan gadar ya hango wani mahauci da ya sani yana jiran mota, ƙato, wanda in ya shiga tasi sai an ce masa kujera biyu. Kunne ya tsaya.

"Sarkin fawa, hau in haye da kai."

Mahaucin ya dubi babur ɗin, ya dubi cikinsa. "Kunne, me ɗan marayan nan ya yi maka?"

"Hau, ka cika ni da magana."

Ya hau, babur ya durƙusa kamar zai roƙi gafara. Suka kama hawa. Gudun ya ragu, muryar injin ta yi kauri, masu keke ma suka fara hango su da sha'awar tsere. Kunne ya karkata kai yana jiran tarin nan, yana jiransa kamar mai jiran albishir. Bai zo ba. A hankali, a hankali, har suka kai ƙoli.

"Kai!" in ji mahaucin da ya sauka, yana shafa kujerar. "Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Naka ne? Ka huta da waccan gawar."

Kunne ya ja babur ya bar shi a nan. Ya gangara gefen titi ya tsaya ƙarƙashin wani allon talla, bai kashe injin ba, ya sunkuya ya kafa kunne. Tsaf. Tun da yake bai taɓa jin haushin lafiyar wani abu ba sai yau.

Ya shiga yi wa kansa shari'a. Ƙananan tayoyi aibu ne? A'a, halitta ce, gajarta ba cuta ba ce. Rashin gudu fa? Wa ya ce yana son 'yarsa ta yi gudu? Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ga ƙofa ɗaya ce ta rage. Zai ce akwai wata ƙwanƙwasa can cikin injin, siririya, wadda sai mai kunne ke ji, kuma ba za a daɗe ba zai buga. Wa zai musa? Sunan da ya tara da gaskiya, ashe ranarsa ke nan. Ya gaya wa kansa ai don tsaron lafiyarta ne, titi ba shi da tausayi. Wata zuciyar ta ce masa, to me ya sa benci kake gani a idonka, ba asibiti ba? Ya murza totur da ƙarfi don kada ya ji sauran.

Da ya iso shagon, ya tarar dillalin ya ja yarinyar ciki, gaban wani babban babur ja mai walƙiya, wanda ko makaho ya shafa ya san ba sa'an aljihunta ba ne. Yana ganin fuskar Kunne a murtuke, sai ya ɗauka kasuwa ta buɗe.

"Yawwa, ga Baba nan, shi zai gaya miki! Hajiya, wancan ƙaramin na 'yan koyo ne. Ba ya hawa tudu. Kuma tsakani da Allah, injinsa yana da wata 'yar ƙwanƙwasa a ciki, sai mai kunne ke jin ta." Ya kashe wa Kunne ido ɗaya. "Ko ba haka ba, Baba?"

Kunne ya tsaya da makulli a hannu. Maganarsa ce, kalma da kalma, wadda ya dafa a ƙarƙashin allon talla. Sai dai a bakin wannan mutum ta fito da wani irin wari. Kuma har da kashe ido, wato an gane shi, an sa shi a layin maƙaryata.

"Wace ƙwanƙwasa?" Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ai ka sani, Baba, irin ta..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba, ban haifi maƙaryaci ba! Wace ƙwanƙwasa? A kanka take, ko a ina? Ka taɓa hawansa ma kuwa, ko goge shi kawai kake yi kamar goshinka?" Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. "Ba ya hawa tudu! Yanzun nan na haye gada da shi, ni da mahauci, mutumin da ya yi biyunka da rabi, ko tari bai yi ba! Na zuba shi a ramukan layin masu walda, na matse birkinsa har hannuna ya yi ciwo. Allurar mai ko motsi ba ta yi ba. Abu yana zaune lafiya, ba shi da bakin kare kansa, ka ɗora masa cutar da ba shi da ita don ka tatsi yarinya? Kai ko kunya!"

"Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe, kasuwa ce..."

"Kasuwar uwaka!"

Ya tsaya yana huci. Sai a lokacin ya ji shirun da ke bayansa, ya tuna da wa ya zo.

"Ke nan ba shi da aibu, Baba?" in ji 'yar.

Kunne ya dubi babur ɗin kamar zai tofa masa yawu. Idonsa ya sauka kan madubin hagu, wanda tun a layin masu walda ya lura yana ɗan rawa.

"Madubin nan yana rawa," ya ce.

Ta dubi madubin, ta dubi ubanta. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai ƙona shi.

"Ka ce ko ɗaya ne, magana ta mutu," ta ce a hankali. "In aibu ne, mu tafi gida."

Ga ƙofa ta buɗe masa da hannunta, ba ƙarya a ciki, ba wanda zai zarge shi. Ya daɗe yana kallon madubin, har ya ga fuskarsa a ciki tana karkarwa, da gemun da ya aske da safe.

"Kai, mai goshi," ya ce wa dillalin. "Ba ni sifana."

Ya ɗaure notin, ya ƙara masa wani juyin na mugunta, ya girgiza madubin ya ji shi daram. Ya jefar da sifanar a ƙasa.

"Yanzu babu."

Ta sayi babur ɗin. Kwanakin da suka biyo baya ya koya mata tuƙi a filin bayan makaranta, da faɗa da tsawa, har ta iya. Ranar da za ta fara fita ita kaɗai, ya tashi ya aske gemu kafin ya tuna. Ya fito ƙofar gida ya tsaya, hannu a baya.

"Birkin baya kafin na gaba! Ki ba manyan motoci hanya, ba gadonki ba ne titin! Ɗaure hular nan da kyau, ba ɗankwali ba ce!"

"To, Baba. Sai na dawo."

"Uwata!"

Ta juyo.

"Ba komai. Tafi, kin makara."

Ta murza ta tafi. Ya karkata kai yana bin ƙarar, ta wuce mai faci, ta sha kwana, ta shige cikin hayaniyar babban titi. Har ta ɓace yana neman ƙwanƙwasar nan, bai same ta ba.

Ya koma zaure. Dattijo yana jingine a inda ya saba. Don huce haushi kawai ya taka kik ɗin sau ɗaya, sai ga shi ya tashi, garau, kamar sabo.

"Munafuki," in ji Kunne. "Yau ka ga dama."

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya. "Malam, tunda ya tashi, ko za ka kai ni gidan yayata?"

"Ni ɗan acaɓa ne?"

Ya yi tsaki, ya jawo tsumma, ya fara goge kujerar baya.