Silima a Bakin Hula

Dawuda tela yana tsakar ɗinkin hula sai ga mota ta tsaya gaban rumfarsa a kasuwar Matamaye. Wani Bature ɗan Faransa ya sauko, tafintansa Iliyasu na biye, yana kiransa Mushe irin na Faransanci.

"Malam Dawuda, tun daga Damagaram Mushe ke cigiyarka," in ji Iliyasu. "An ce faifan silimar da mai majigi ya bari bara waccan yana hannunka."

"Labulensa na ɗinke masa, ya ba ni."

"To, tsohon wasan soyayya ne mai ban dariya. Mushe tara irinsu yake yi. Ya ce ko a Faransa babu sauran irinsa."

Dawuda ya jawo gwangwanin faifan ya buɗe. Babu komai ciki sai guntun zaren silima, bai fi kamu ɗaya ba. Fuskar Bature ta yi jawur.

"Ya ce ina sauran?" in ji Iliyasu.

Nan gizo ke saƙa. Shekara biyu ke nan hulunan Dawuda na tsayawa ƙyam, ko ruwa ya duke su ba sa lanƙwashewa. Har daga Dungu da Icirnawa ake zuwa saye. Teloli sun yi ta bin diddigin asirin har sun gaji, ga su kuma yanzu sun tsayar da kekunansu, sun kasa kunne.

Sai Dawuda ya cire hular kansa, ya farke bakinta, ya zaro baƙin zaren da ya sa a ciki, ya ɗaga shi ga rana. Ga hoton wata mace ƙanƙanuwa a jikin zaren tana dariya, wani mai gashin baki ya durƙusa gabanta.

"Gaya masa sauran na can," ya nuna kasuwa da haɓa. "Duk kan da ya gani da hula tsaye, silimarsa ce ke yawo."

Bature ya zauna kan benci, ya dafe kai.

"Ashe abin ke nan, maƙetaci," in ji Illa, telan da ke kusa. "Mu ma gobe sai Damagaram neman zaren silima."

"A sauka lafiya. Ba ka ji ba? Ko a Faransa babu."

Dawuda ya ɗauki guntun da ya rage, ya warware igiyar awo daga wuyansa.

"Iliyasu, ce wa Mushe ya sauke hannu in auna kansa. Baƙo bai zo tun daga Damagaram ya koma hannu rabbana ba."