Buhun Bayan Tanderu

Malamar lissafi ta aji huɗu tana cikin cin burodinta lokacin tara sai ta ji wani abu ya maƙale mata a haƙori. Ta zaro. Ƙafar kyankyaso ce, har da 'yan ƙayoyinta. Abin takaicin ma, burodin na yayanta ne, kuma ita da bakinta ta roƙi shugabar makaranta aka ba shi aikin kawo wa yara burodi kullum.

Ana tashi ta wuce gidan burodin. Ta nuna wa Yaya ƙafar, amma ko a jikinsa. Ya ja ta ya nuna mata bango, inda yake ja layi da alli duk sanda ya kashe kyankyaso ɗaya: shekaranjiya bakwai, jiya biyar, yau uku. Ya tara mata goma sha biyar yana washe baki, wai sun kusa ƙarewa, ita ce dai da tsirfa irin ta 'yan boko.

Wani ɗoyi ne ya ja hancinta zuwa bayan tanderu. Tun zamanin Baba ba a zubar da fulawar da ta zube a ƙasa. Sharewa ake a tara a buhu, mai kaji ya zo ya ɗauka. To, mai kaji wata biyu ke nan yana jinya, buhu kuwa yana nan zaune cikin ɗumi, ana ta ƙara masa shara.

Ta ɗibi kwano ɗaya ta juye a faranti. Ƙananan kyankyasai suka watse ta ko'ina, ɗaya ya bi ta hannun rigarta, ta kakkaɓe. Cikin fulawar ga wasu abubuwa jajaye kamar wake. Yaya ya ce ɓawo ne kawai. Ta ƙirga su da bakin biro, goma sha bakwai, ta gaya masa kowanne jakar ƙwai ce, mai ɗauke da wajen talatin.

"Yaya, kai tarawa kake yi, su ninkawa suke yi."

Ta yi masa dalla-dalla kamar a aji, ranta a ɓace. Tarawa ita ce ka ɗora biyar kan bakwai. Ninkawa kuwa ka ɗauki talatin, ka sake ɗauka, ka sake, har sau goma sha bakwai: ɗari biyar da goma, a kwano ɗaya tak. Buhun ba zai gaza kwano arba'in ba. Mutumin da kullum yake lissafin burodi goma sha biyu sau faranti takwas bai buƙaci a ƙarasa masa ba.

Sai Yaya ya fara magiya. Zai ƙone buhun, zai yi feshi, amma in makaranta ta janye, tanderun Baba ya mutu ke nan.

"Auta, ki rufa min asiri."

Ta so ta ji tausayinsa, amma wani lissafin ne ya tsaya mata a rai. Yara talatin da shida, sau kwana biyar, sau mako takwas. Burodi dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in ta miƙa da hannunta, har tana yi wa masu ragewa faɗa, tana tsaye a kansu sai sun cinye.

Ta ciro waya ta kira shugaba, ta ce gobe kada a karɓi burodi. Shugaba ta yi mamaki, ta tambaya ko ba ɗan'uwanta ba ne mai burodin.

"Shi ne," in ji ta. "Ga shi nan tsaye, yana ji na."