Ƙwayayen Ɗawisun Malam Mainasara

Bayan sallar isha'i Malam Mainasara ya ji ƙarar. Kamar ƙudan zuma ne ya faɗa tulu yana neman hanyar fita, zuuu, ba tsayawa. Ya leƙa turken awaki, ya haska ƙarƙashin rumbu, ya dawo ya zauna a tabarma, ya sake miƙewa. Can ya gane daga ɗakin zaure take fitowa, inda injin ƙyanƙyasa yake.

Duk Baure an san shi da tara abin da ba kowa ke tarawa ba. Ya taɓa kiwon bushiya. Bara kuma ya sayo ɗawisu mace da namiji wajen wani mai fatauci a Mashi. Macen ta yi ƙwai, ta kwanta ciwo, ta mutu. Ƙwayayen nan su kaɗai ta bari, su ne ke cikin injin.

Injin kuwa tsohon firji ne. 'Yarsa Murja, mai koyar da kwamfuta a Daura, ita ta haɗa masa shi da hita da ma'aunin zafi da ƙararrawa da wata 'yar kwamfuta kamar akwatin ashana. Kullum hitar na yin gurnani kaɗan ta yi shiru. Yau ta ƙi yin shiru. Ya ɗora tafinsa a ƙofar firjin, ya janye da sauri.

"Murja! Ke Murjanatu! Fito, abin naki zai dafa mini 'ya'ya!"

Allah ya sa ta zo ganin gida a makon. Ta fito da kwamfutarta a hammata, ta cire wayar hitar, ta buɗe firjin. Wani hucin zafi ya bugi fuskokinsu.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ina na sani? Da magariba ban ji komai ba. Ko kuwa na ji ban kula ba."

Ta haska bayan firjin. Ɓera ya cinye wayar ma'aunin zafi, ta rabu biyu. Ta tsuguna ta jona kwamfutarta, ta buɗe 'yan layukan umarni da ta rubuta, waɗanda take kira rubutun shel. Ta daɗe tana kallon layi ɗaya:

if [ $zafi -gt 38 ]

"Me ya ce?" in ji Mainasara. Yana zagaye ɗakin, ya ɗauki ƙwai ya kara a kumatu, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Tambaya ce nake sa injin ya yi. Zafi ya wuce talatin da takwas? In e, kashe hita. In ba haka ba, kunna."

"To ai ya wuce."

"Bai sani ba. Ma'aunin ya daina magana. Ya yi tambaya, ba a ba shi ko lamba ɗaya ba, tambayar ta lalace, sai ya zarce kan kunna."

Mainasara ya tsaya cak da ƙwai a hannu. Abin ya ba shi tsoro, ya kuma ba shi sha'awa. Wato akwai halittar da za a yi wa shiru ta ɗauka an ce mata a'a, ta ci gaba da hura wuta har gari ya waye.

Saminu maƙwabci, mai sayar da shanu, ya turo kai ta ƙofar zaure. "Malam, lafiya? Ko ɗawisun sun fito ne a zo a sha kallo?"

"Kai dai shigo ka riƙe mana fitila."

"Na faɗa maka ka sa wa kazata ta kwanta a kai. Ka ce kai sai na'ura."

"Kazarka da ke fasa nata ƙwan?"

Murja ba ta ɗago ba, yatsunta na ta gudu. Ta sa sabuwar tambaya a gaba da komai:

if [ -z "$zafi" ]

"Wannan fa?" in ji Mainasara.

"Kafin ya tambayi nawa, ya fara duba ko an ba shi amsa ma. In babu komai, ya kashe hita, ya buga ƙararrawa a tashe ku." Ta kuma juya tsohuwar tambayar. Yanzu hita ba za ta kama ba sai an tabbatar masa da sanyi. Duk wani abu ban da wannan, a kashe.

Ta mayar da wayar hitar, ta gwada da wayar ma'aunin a tsinke. Ƙararrawa ta yi kuka, hita ba ta motsa ba. Ta ƙulla wayar, lamba ta fito, ta sake raba ta don ta gani da idonta.

Mainasara bai kalli gwajin ba. Ya karɓe fitilar daga hannun Saminu, ya naɗe ƙwai a tafinsa, ya haska ta ƙasa. Ɓawon ya yi ja kamar garwashi, da wani duhu dunƙule a gefe guda. Ya juya shi a hankali. Ya ga kamar duhun ya motsa, ya kuma ga kamar hannunsa ne ke rawa. Murja ta rufe kwamfutar, ta matso ta tsaya a bayansa.

Saminu ya sunkuyo har hularsa na taɓa fitilar.

"To Malam, da rai a ciki, ko kuwa sun dahu?"