Motar da Ke Jin Nauyin Kawu

Da hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, rana ta fito amma ba ta fara cizo ba tukuna. Ina bayan ɗakin kaji da bokiti da tsumma ina goge gwaiduwa daga bodin a-kori-kura, Gwaggo kuma na tsaye a kaina ta riƙe ƙugu.

"Auta," ta ce, "kajin nan ba don ka yi wa mota fenti suke yin ƙwai ba."

"Na sani, Gwaggo."

"Gobe akwai kai kaya. In ka sake dawo mini da labarin ya fashe, ka ajiye makulli a tagar can. Ɗan maƙwabci ma ya iya tuƙi."

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, gonar kajin tata ce. Aikina shi ne in kai ƙwai gari wajen matar da ke da gidan burodi, kuma ban iya wani aikin da ya wuce wannan ba. Motar kuwa ta Yayana ce. Ya ba gona aronta, amma da sharaɗin a bar shi ya riƙa yi mata abin da ransa ke so. Shi Yaya mutum ne mai kallon bidiyon motoci masu hawa duwatsu a waya. Babu dutse ko ɗaya a wajenmu, ramuka ne kawai da gargada, amma duk da haka ya je ya sayo sabon sifirin da sabon shokozoba irin na masu shiga daji, aka ɗaura. Mota ta tashi sama kamar ta ɗage zani za ta tsallake kwata. Kyau kam ta yi. Sai dai tun daga ranar, ko tsinken ashana ka taka sai ka ji shi a haƙorinka.

Na sami Yaya a ƙofar shagonsa na faɗa masa.

"Tuƙinka ne," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Motar nan yanzu dutse za ta iya hawa."

"Yaya, ai ƙwai ba ya son hawa dutse."

"Kai ta gareji in ba ka yarda ba."

Garejin yana gefen inda mutane ke tsayawa jiran motar haya. Bakanike ya fito yana goge hannu a wandonsa, ya zagaye motar, ya harbi taya da ƙafa ya yi tsaki.

"Wa ya ɗura wa tayoyin nan iska haka? Ai wannan ba taya ba ce, ganga ce."

Ya rage iskar, ya karɓi makulli don mu gwada. Shi Bakanike yana da kyauta sosai in dai da motar wani ce. Muna fitowa bakin titi ya leƙa ya ce wa masu jira, "Masu shiga gari ku hau." Wata mata ta hau da keken ɗinkinta, wani ya hau da tukunyar gas, wasu samari suka ɗare gefe, har da wani mai buhu a ka. Muka bi hanyar nan mai ramuka, mota na tafiya luf kamar kwale-kwale.

"Ka ji?" in ji Bakanike. "Katifa."

Na ji, ban musa ba. Na mayar da shi gareji, na kama hanyar gona ni kaɗai. A ramin farko na cije harshena. A na biyu rediyon da ya daɗe da mutuwa ya kama magana da kansa. Sai na juyo.

Wannan karon Bakanike ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe yana magana da ita a can.

"Na gano," ya ce daga ƙasa. "An ɗaure notinan nan mota na rataye a jak. Da aka sauke ta sai robobin suka murɗe. Miƙo mini sifana."

Ya kwance su, ya sa na girgiza motar, ya sake ɗaurewa tana tsaye a kan ƙafafunta. Ya ce sai mun gwada. A bakin titi wasu masu jira sun sake taruwa, ya sake cewa su hau. Katifa. Na sauke shi, na kama hanya, hulata ta daki rufin mota ta dawo kaina a karkace.

Da ya gan ni karo na uku sai ya zauna a kan tsohuwar taya ya dube ni da tausayi.

"Auta, in gaya maka gaskiya? Motar nan lafiyarta ƙalau. Kaɗaici ne ba ta so. In da jama'a sai ta saki jiki, in ku biyu ne sai ta tuna ba ta san ka sosai ba."

"Shekara da shekaru muna tare."

"To ko ka yi mata wani abu?"

Na yi tunani da gaske, ban tuna ba. Don ya raba gardama sai ya kira mai sayar da kayan gyaran da Yaya ya saya, ya buɗe muryar wayar.

"Ai na tambayi mai motar," in ji mutumin. "Na ce kuna ɗaukar kaya? Ya ce kullum. Na ce kullum-kullum? Ya ce har ranar hutu. Shi ya sa na ba shi mai ƙarfin."

"Wane kaya kuke ɗauka?" Bakanike ya tambaye ni, kamar bai ga gwaiduwa a bodi ba.

"Ƙwai."

Mutumin da ke waya ya jiyo ni, ya sa baki.

"Ƙwan me?"

"Na kaza."

"Bawan Allah, sifirin ɗin nan na masu siminti da bulo ne. Sai ya ji nauyi yake laushi. In babu komai a baya, da shi da ƙarfen gada duk ɗaya."

Bakanike ya kashe wayar ya ce, "Abin da na faɗa kenan. Kaɗaici."

Ya ce maganin shi ne a zare ƙarfe ɗaya daga jerin sifirin ɗin kowane gefe. Na kira Yaya. Yaya ya ce duk wanda ya zare masa ƙarfe ya nemi wani yayan. Na koma wajen Gwaggo na roƙi buhunan abincin kaji in riƙa ɗorawa a baya don nauyi. Ta ce abincin kajinta ba ya zuwa yawon buɗe ido.

Washegari na jera kiret-kiret ɗin ƙwai a gaban bodi, na ɗaure da igiya, na tsaya ina kallon wurin da ya rage babu kowa. A ƙofar gona akwai benci, a kan bencin kuma akwai Kawu, wan innarmu, da abokansa biyu, Mai-agogo da Dogo, suna karta. Kawu ya bar aikin gadi da daɗewa. Mutum ne da Allah ya yi wa jiki, in ya zauna a tsakiyar benci sai sauran su gangaro wajensa.

Na durƙusa na gaishe su.

"Kawu, ko za ku raka ni gari? Ku ɗan sa mini ido a kan ƙwan nan."

"Da ma zan je aski," in ji Kawu. Mai-agogo ya ce yana son sayen maganin ido, Dogo ya ce zai leƙa 'yarsa. Suka ce ba za su bar karta a tsakiya ba, don haka da bencin aka hau. Sai da ni da Dogo muka tura Kawu ta baya kafin ya kai sama.

Mota ta zauna. Na ji ta zauna, kamar mutum ya sauke numfashi. Muka wuce ramin da na cije harshe, ko kartarsu ba ta zame ba. Na fara jin makullin nan nawa ne.

A ƙofar kantin magani aka buga rufin mota, Mai-agogo ya sauka. Bayan motar ya ɗan ɗaga. Gaba kaɗan aka sake bugawa, Dogo ya sauka, shi da ma bai da wani auki, amma ya tafi da bencin wai 'yarsa ba ta da kujera. Na fara jin kiret na gaisawa da kiret a baya. Saura hanyar bayan kasuwa, wadda manyan motoci suka cinye, daga ita sai gidan burodi. Daidai bakinta shagon mai aski yake, daidai nan kuma Kawu ya buga rufi.

Na tsaya na fito. Har ya zuro ƙafa ɗaya.

"Kawu, don Allah ka bari sai mun sauke. Zan dawo da kai har ƙofa."

"Ƙwai ne fa, ba jariri ba. Wa zai sace shi a ɗan tsakanin nan?"

"Ba sata ba ce."

"To mene ne?"

Ni ban iya shirya magana da sauri ba. Na duba ƙwan, na duba hanyar, sai na faɗi abin da ke akwai.

"Kawu, gaskiya motar nan nauyinka take ji. In kana ciki ba ta tsalle. Kana sauka za ta fara."

Ni irin nauyin da sikeli ke faɗa nake nufi, har na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Da na ɗago, sai na ga Kawu ya mayar da ƙafarsa ciki yana kallon motar tun daga gaba har baya.

"Nauyina take ji?"

"Ƙwarai, Kawu."

"Ba na Mai-agogo ba?"

"Nasa kaɗan ne. Naka ya fi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ka gani ko. 'Ya'yan da na haifa suna wucewa ta gabana da waya a kunne. Ƙarfe ne ya san babba." Ya shafa gefen bodin. "Wa ya yi mata tarbiyya?"

"Yaya ne ya sa mata kayan."

"Ashe yaron yana da hankali."

Na ce masa in ya matsa can baya, saitin taya, nan ta fi jin sa. Ya matsa, ya naɗe ƙafa, ya gyara rigarsa kamar wanda za a kawo wa ƙara. Na shiga na sa giya ɗaya.

Mutum ɗaya ba siminti ba ne, ko da Kawu ne. Motar ta so ta taɓa halinta. Na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ina shiga ta gefe ina fita ta gefe, masu keke na wuce ni, wata tsohuwa mai sanda ma ta wuce ni ta waiwayo. Ta tagar baya ina jin Kawu. In taya ta faɗa rami sai ya ce, "Kul." In ta fito lafiya sai ya ce, "Yawwa, 'yar albarka." A babban ramin gaban masu kifi ta ɗan yi wani yunƙuri, ya daka mata tafin hannu ya ce, "Ina zaune?" Wani ɗan sanda da ke gefen hanya ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar Kawu, ya sara masa.

Matar gidan burodi ta fito da kanta, don ta gaji da ni. Ta ɗaga kiret na sama, ta ɗaga na ƙasa, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kalli rana ta cikinsa. Ta juya shi. Ta sa ma'aikatanta suka kwashe duka tana bin kowane kiret da ido.

"Yau kuma me ya faru?"

"Ni na zo," in ji Kawu daga sama.

Ta kira Gwaggo a gabana ta ce ko tsaga babu. Da muka koma gona, bayan aski, mun kuma ɗauko Dogo a hanya, Gwaggo na tsaye kusa da tagar da ta ce in ajiye makulli. Na riƙe makulli a hannu ina jira. Ta dubi motar, ta dubi Kawu da ke ba Dogo labari da hannu biyu, ta dube ni.

"Wane nauyin ka ce masa?"

"Ban fayyace ba, Gwaggo."

"Kar ka fayyace. Jibi da wuri." Ta juya, sannan ta ce wa mai yi mata girki daga yau a riƙa kai wa Kawu kwano, a cika shi.

Yaya da ya ji ƙwai ya isa lafiya sai ya ce, "Na gaya maka tuƙi ne." Bakanike kuma ya ce a gaishe da Kawu, Allah ya biya shi zumunci.

Ranar kai kaya ta gaba na fito na tarar da Kawu tsaye a jikin motar, ya sa rigar fita, yana tambayarta yadda ta kwana. Na kafa kafaɗa ya taka ya hau. Garin hawa silifas ɗinsa ɗaya ya faɗo cikin taɓo, maɗaurin ya fita daga raminsa. Na ɗauka na wanke a bokitin kaji, na mayar da maɗaurin na soke shi da guntuwar waya ta ƙasa, na lanƙwashe bakin don kar ta soke shi. Ƙafarsa na reto a gefen bodi, na zura masa. Yana can yana gaya wa motar cewa yau ba ya son jin ko ƙwas, bai duba ƙasa ba. Na zagaya na tada inji.