Hoton Ramlatu a Bangon Asibiti

Mukhtar ya sa farce a gefen takardar yana ɓamɓara, gam ya ƙi saki. Wanda ya manna ta a bangon asibitin Durba ba da wasa ya manna ba. Matan da suka zo awo suna zaune a benci suna kallonsa.

Matarsa Ramlatu ce a jikin takardar, zaune a tsakar gidansu na Rano da tsohon ciki, tana ɓarar gyaɗa tana dariya. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Ki riƙa zuwa awo don ki sauka lafiya. Ramlatu kuwa ba ta taɓa fashin awo ba. Wajen haihuwar nan ta rasu, ita da abin da ke cikinta, ko sadakar arba'in ba a yi ba tukuna.

"Malam, lafiya?" Ma'aikaciyar jinya ce ta leƙo daga ɗakin allura. "Kayan asibiti ne fa."

"Matata ce. Ta rasu."

"Innalillahi. Allah ya jiƙanta." Ta zo ta kama masa ɗaya gefen har takardar ta fita. "Amma ba nan kaɗai ba ne fa. Wata ƙungiya ce ta rarraba. Akwai a Kibiya, akwai a Yalwa, har a bayan a-daidaita-sahu na gani."

Ya sani. Ai shi ya ɗauki hoton da hannunsa.

Mukhtar malamin firamare ne. Bara abokinsa Lukman ya ja shi cikin masu ɗora hotunan garuruwansu a intanet kyauta, don in ka nemi Rano a can ba abin kirki da za ka gani. Ka'idar ita ce kowa ya ɗauka, ya buga, ya yi abin da ya ga dama, muddin ya ambaci sunan mai hoton. Kuma in ka bayar, ka bayar ke nan, ba janyewa. Wannan sharaɗin ne ma ya fi burge Mukhtar, don ya ji shi kamar wakafi, irin rijiyar da mutum kan haƙa a bakin hanya. Ya ɗora kasuwa, ya ɗora rumbuna, ya ɗora masu ƙuli-ƙuli. Da ya zo kan nata ya tambaye ta, ta ce, "Sa mana, a ga matan Rano ba zaman banza muke yi ba."

Bayan sadakar bakwai surukinsa Malam Sallau, mai makarantar allo a Durba, ya kira shi gefe. "A sauke ta daga bangon mutane. Wadda ke kwance a ƙasa ba a rataye ta maza suna kallo." Mukhtar ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, Malam."

Yanzu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tsaya gindin babur ɗinsa ya kira Lukman.

"Mu rubuta wa ƙungiyar, ƙila su daina bugawa don mutunci," in ji Lukman. "Amma Mukhtar, kar in yaudare ka. Ko an goge daga inda ka sa, waɗanda suka kwafa sun kwafa. Jiya na gan shi a shafin wasu mutanen Nijar."

"To."

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

Bai ji haushin kowa ba. Tun ranar da aka kai ta ba ya jin komai, abinci ma sai an tuna masa. Ya hau babur ya nufi gidan Malam don ya faɗa masa ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Ya tarar Malam ya tafi gona. Ya cire takalmi ya durƙusa a zaure yana jira. Can sai ya ji motsi a bayan labulen ƙofar shiga gida. Inna Sakinatu ce, mahaifiyar Ramlatu. Tun da ya auri 'yarta, gaisuwa ce kawai take haɗa su, ita ma daga nesa. Ramlatu 'yar fari ce, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ranar rasuwar ma ba wanda ya ga hawayenta.

"An ce an cire takardar asibiti," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Labari ya riga shi isowa.

"Ni na cire, Inna. Malam ne ya ce."

Har ya zaci ta koma ciki, sai ya ji muryarta.

"Kullum da hantsi ina zuwa can. Sai in ce gwiwa ce ke damuna, in zauna a benci." Ta ci gaba. "Yarinyar nan tana da rai ban taɓa ƙare mata kallo ba. Ashe haka take dariya."

Mukhtar ya ƙura wa tabarma ido. Ya share hawaye da bayan hannu, karon farko tun jana'iza.

"Na ji an ce kai ka rubuta kowa ma zai iya ɗauka."

"Haka ne, Inna."

"To ni fa?"

Daga waje aka jiyo gyaran muryar Malam yana jingine keke. Mukhtar ya zaro takardar daga aljihu, ya tura ta ƙarƙashin labule. Wani hannu ya janye ta.

Malam ya yi sallama ya shigo da ƙasar gona a ƙafarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "An sauke?"

"An sauke ta Durba, Malam," in ji Mukhtar.