Gilashin da Na Ɗaura wa Auta

Laraba. Hadari tun safe, ruwa bai sauka ba.

...kuma ta ci. Autata ta ci, Yaya, kana ji? Yau malamanta suka miƙe tsaye suka ce mata Dakta. Kai da ka ce in mayar da ita karatun asibiti, wai kallon sama ba sana'a ba ce. To, ga shi nan.

Ta turo hoto a waya. Zobe ne na wuta, in ji ta, ya kewaye wata ƙatuwar duniya, Mushtari. Akwai wani wata kusa da ita, duwatsunsa na aman farar wuta, maganaɗisun duniyar ya fizgo abin, ya yi ta juyi da shi har ya kama haske — "Baba, irin wutar bakin sandar waldarka ce. Ita ce dai."

Tawa! Can sama!

Ga ta tana 'yar ƙarama a shagona, kan bokiti a kife, ƙafarta ba ta kai ƙasa. A kore ta, ta dawo. Gilashin walda ɗaya gare ni a shagon... na ɗaura mata da roba. Ni kuwa in ɗiga walda ba gilashi, in runtse, in kau da kai. Kowane mai walda zai ce maka ya iya wannan. Ƙarya muke yi. In an tashi aiki ido kamar an zuba yashi — uwarta na dafa mini tsumma mai sanyi tana faɗa: "Kai da 'yarka, ban san wanda ya fi taurin kai ba."

Wai zoben ma ba ya ganuwa sai ta wani gilashi na musamman. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wa ya fara ba ta gilashi? Wa?

"Baba, ka gani?"

Na ce na gani.

Na kai wayar hanci. Na matsar da ita nesa. Dishi-dishi... wani abu ja-ja, shi ke nan. Ba ta san idon ya tafi ba. In ka gaya mata, Yaya, ni da kai ne.

Amma in na rufe ido — ga shi. Da'irar nan da wuta ke bari bayan an kashe inji, tana juyi, tana juyi... shekara nawa ina ɗauke da ita, ina cewa ciwo ne?

Ɗazu na laluba ƙasan akwatin kayan aiki na samo gilashin. Na goge shi da bakin riga, na rataye shi a ƙusa, saitin inda bokitin yake zama.